Ku Maido wa Inna Waƙarta

Zuwa ga Shugaban Sashen Shirye-shiryen Yara na Gidan Talabijin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, ina roƙon ka saurare ni. Ni malamin gona ne a Birnin Kudu, asalina mutumin Fagam ta ƙasar Gwaram. Ban saba rubutu a jarida ba. Na aiko maka da takarda ta gidan waya, shiru. Na hau mota na zo har ofishinku, aka ce kana taro, na zauna a benci har la'asar, sannan aka ce ai ka fita ta ɗaya ƙofar. Shi ya sa na biyo ta nan. In kai ba ka karanta ba, wani zai karanta ya gaya maka.

Maganata a kan waƙar nan ce da kuke buɗe shirin yara da ita kowane yammacin Asabar, wadda yara ke kira waƙar ɗan juji.

Na farko, inda kuka samo ta. Bayan kakar bara ma'aikatanku suka zo Fagam da farar mota da na'urar ɗaukar murya, suka sauka a ƙofar dagaci, suka ce suna neman tsofaffin mata da suka iya waƙoƙin reno. Aka kawo su zauren gidanmu wajen mahaifiyata. Inna ta yi musu irin waɗanda kowa ya sani. Suka ce ko akwai wata? Ta ce akwai guda ɗaya, amma ba ta mutane ba ce. Suka matsa mata, wai don jikoki su ji nan gaba. Inna ba ta iya hana baƙo abu. Ta yi musu, suka ba ta goro da sabulu, suka kaɗa motarsu. Ba wanda ya tambaye ta wa aka yi wa waƙar.

Na biyu, bari in gaya maka abin da ba su tambaya ba. Kafin a haife ni Inna ta haifi 'ya'ya uku, Ɗanladi da Talatu da Jummai, duk suka koma kafin yaye. Da na zo, tsofaffin gida suka yi abin da aka saba yi a ƙauyukanmu ga mace mai wabi, wato wadda 'ya'ya ba sa zama mata. Aka ɗauke ni aka ajiye a kan juji a bayan gida, uwata ta juya baya kamar ba ta so na, wata maƙwabciya ta je ta ɗauko ni ta ce tsintuwa ta yi. Aka sa mini laƙabi Ajuji. Nufinsu a nuna ba a damu da yaron ba, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Na yi karatu, na san rai a hannun Allah yake, juji ba ya tsare kowa. Inna ma ta sani, ba ta taɓa wasa da salla ba. Amma matar da aka fitar da gawa uku daga ɗakinta, ban ga wanda zai tsaya yi mata gyara ba.

Ita ta ƙago waƙar da bakinta, ina goye a bayanta. Ga abin da take cewa:

Ba nawa ba ne, a juji na gan shi,
Mummuna ne, ku wuce ku bar shi.
Ɗanladi ya tafi, Talatu ta tafi, Jummai ta bi su,
Wannan ba mai so, ku bar mini shi.

Ƙasa-ƙasa take yin ta, wani lokaci muryar ta karye ba ta kai ƙarshe ba. Na girma ina jin uwata tana ce mini mummuna, kuma ban taɓa jin kalmar so da ta kai wannan ba.

Na uku, abin da kuka yi da ita. Kun sa mata ganga da jita, kun ƙara mata sauri har ta zama ta rawa. Kun jera yara da fararen kaya tas. In an kira sunayen nan uku, sai yara uku su kwasa da gudu riƙe da soso da sabulu, wai sun tafi wanka. Sai a bar wani ɗan tsana da aka shafe da gawayi, sauran su ɗaga shi su wurga a kwandon shara suna tafi suna dariya, mai gabatarwa ta ce yara kada ku zama kamar ɗan juji. Ba na faɗa da tsafta, ranka ya daɗe. Shirinku ma ban ƙi shi ba, 'yata Hadiza ta koyi ƙirge a cikinsa. Amma ku da kuke da masu digiri a kowane ofis, a ce ba a sami mutum ɗaya da ya ji sunaye uku ana cewa sun tafi, ya ce dakata, ina suka tafi?

Na huɗu, kuma wannan shi ne ya hana ni sakat. Bayan Hadiza, ni ma na binne biyu. Da cikin maiɗakina ya tsufa a wannan karon, Inna ta taso daga Fagam ta zo Birnin Kudu don ta kula da jego. Ba ta faɗa ba, amma kowa a gidan ya san da waƙarta ta zo. Muna da maƙwabci, wani Alhaji mai motocin haya, da ke fito da akwatin talabijin ɗinsa ƙofar gida ranar Asabar don yaran unguwa su kalla. Wata Asabar Hadiza ta dawo daga can da ƙawayenta, suka kafa da'ira a tsakar gida. Na ji tana rabawa, ke ce Talatu, ke ce Jummai. Inna na zaune tana tankaɗe. Da suka soma, sai ta ajiye rariya. Ta bari suka gama, har suka wurga totuwar masara a bakin rariyar wanka suna shewa. Sannan ta tambayi yarinyar wa ya koya musu. Hadiza ta ce, "Ai a talabijin ake yi, Inna, kowa ya iya." Sai Inna ta dube ni ta ce, "Ajuji, ashe 'ya'yana wanka suka tafi."

An haihu, namiji, alhamdu lillahi, an yi suna. Inna tana ɗaukarsa, tana masa wanka, tana goya shi, amma bakinta a rufe. Maiɗakina ta roƙe ta har da hawaye ta yi wa yaron abin da ta yi wa ubansa. Inna ta ce waƙar ta fita daga hannunta, ba za ta ɗora wa jariri abin da ake tafi da shi a titi ba. Abinci sai an yi da gaske take taɓawa. Ranar Asabar tun azahar take yafa mayafi ta nufi bakin gonaki don kada ta ji. To ina za ta je? 'Yan talla na yi, yara a bakin rijiya na yi, ɗan kamasho a tasha na yi da fito. Yanzu ta ɗaure ƙunshinta, kullum sai ta ce in sa ta a mota ta koma Fagam inda babu akwatin nan. Ranar kasuwar da ta wuce na je Fagam, na tarar da yara suna yin ta a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidanmu. Har yau ban iya gaya mata ba.

Ni kaina ba ni da natsuwa. In na hau babur zan je duba gonaki a Sundimina, sai in kai rabin hanya in juyo gida. In jaririn ya yi atishawa sai in tashi in duba shi. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba, kuma tsoro nake ji kada tsohuwar nan ta bar duniya da wannan abu a ranta.

Saboda haka ga buƙatuna. Ba kuɗi nake nema ba, kada a aiko mini da ambulan.

Ɗaya, ku cire waƙar nan daga shirinku, ita da ɗan tsanan. Na san ba a iya ƙwace waƙa daga bakin yara, amma yaro in an ba shi sabuwa yana sakin tsohuwa. Kuna da mawaƙa a gidanku, su yi muku ta soso da sabulu.

Biyu, wanda ya ɗauki muryar Inna ya zo da ƙafarsa ya gaishe ta, ya kawo mata faifanta a hannu, ya gaya mata da bakinsa cewa bai sani ba. Na san halinta. In ta ga an maido mata abinta, wataƙila ta yarda ya zama nata kuma. Amma a yi da wuri, don ta tsufa.

Uku, nan gaba in kun je ƙauye tsohuwa ta ce muku wata waƙa ba ta mutane ba ce, ku kashe na'urarku ku tambaye ta dalili.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ɗaukaka aikinka, ya raya maka zuriya. Allah ya sa kada wata mace a gidanka ta taɓa buƙatar irin wannan waƙa.

Asabar mai zuwa zan je in tsaya a bayan yara a ƙofar Alhaji in ga abin da kuka yanke. In kun sake ɗaga ɗan tsanan nan za ku wurga, ka sani ya girma, yana da jariri a ɗaki, kuma yana tsaye yana kallonku.

Wassalam.

Naka,
Garba, wanda ake kira Ajuji,
Malamin gona, Birnin Kudu.