Rasuwar Dakta Kadijatu Malami, Mai Maganin Ciwon Gaɓɓai

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Fama da Ciwon Gaɓɓai ta Sabon Birni da Isa ta samu labarin rasuwar uwarta kuma mashawarciyarta, ƙwararriyar masaniyar haɗa magunguna, Hajiya Dakta Kadijatu Malami Kurawa, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a gidanta da ke Isa, tana da shekara sittin da ɗaya, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta dawo gida daga Sakkwato ne a shekarar farko ta wannan fari, ta tarar da dattawanmu, manoma da makiyaya, gwiwoyi a kumbure, suna haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi na kasuwa alhali ciki babu abinci, har wasu suka gamu da gyambon ciki. Daga nan ta ƙudurta cewa maganin zai bi ta fata, ba ta baki ba. Ta ɗauki ƙaron itacen hano, wanda iyayenmu suka daɗe suna shafawa, ta gano cewa mafi yawan amfaninsa a saman fata yake tsayawa. Sai ta yi aiki da fasahar nano, ta naɗe sinadarinsa cikin 'yan ɗige-ɗigen mai, waɗanda ko an jera ɗaruruwansu ba su kai kaurin gashi guda ba, domin su ratsa fata su kai shi kusa da gaɓar da ke ciwo.

Ba za mu ɓoye wa jama'a fargabar da muka shiga bara ba. Ruwa ya sake ɗaukewa, itatuwan hano na dajinmu wasu suka bushe, wasu aka sare su don itacen girki, ita kuma ciwo ya kwantar da ita ana tsakiyar gwajin farko a kan mutum tamanin da huɗu. Da yawanmu mun ɗauka aikin zai bi ta kabari.

Allah bai nufa haka ba, kuma wannan ne ya sanyaya mana zuciya. Kwana goma sha biyu kafin rasuwarta sakamakon gwajin ya iso, aka karanta mata tana cikin hayyacinta: mafi yawan waɗanda suka shafa man sun samu sauƙi, kuma babu wanda ya koka da cikinsa. A makon ne kuma Ardo Wakili Jibrilla ya zo a kan babur daga Burkusuma ya shaida mata cewa rassan hano da ta ba shi ya dasa, waɗanda iyalinsa suka yi rani biyu suna kai wa ruwa a kan jakuna, sama da ɗari uku sun kama. A gabansa ta miƙa littattafan bincikenta ga mataimakiyarta, Malama Rahmatu Ɗanmusa, ta ce, "Ni za ni huta, ke ki ci gaba. Amma kada a ce wa mutane yana warkarwa. A ce yana sauƙaƙawa, har a gama gwaji na biyu." Ƙungiya ta karɓi wannan wasiyya, kuma a kanta za ta tsaya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Alhaji Yari Abu, da 'ya'yanta huɗu, da ɗaukacin zuri'ar Malami ta Kurawa, muna roƙon Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya gafarta mata, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ya kuma shayar da ƙasarmu.

Mai sa hannu a wannan takarda yana cikin mutum tamanin da huɗun nan. Shekara uku ciwo ya hana shi riƙe abin rubutu, sai dai ya dangwala yatsa. Yau da alƙalami ya sa hannu.

Malam Lawwali Sodangi
Kakakin Ƙungiyar Masu Fama da Ciwon Gaɓɓai ta Sabon Birni da Isa