Labarin da Malam Gimba Ya Tsallake

Coal Camp, Inugu
Juma'a, 9 ga Mayu

Zuwa ga Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Faruk da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Kin kira ni sau tara tun ranar Talata ban ɗauka ba. Lafiyar wayar ƙalau. Na san halina ne, in na ji muryarki zan yi laushi, shi ya sa na ba Lawal direba wannan takarda ya kawo miki.

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina fassara wa mutanenmu jaridun Turanci kowace safiya a rumfar mai shayi, bakin masallaci. Kin san tsarin tun kina ƙarama: labaran ƙasa, sai kasuwa, sai ƙwallo a ƙarshe don mutane su tashi da fara'a. Kin kuma san ƙa'idata, ba na karanta mutuwa sai na duba fuskokin da ke gabana.

Ranar Talata bayan asuba, wan Falalu ya kira ni daga ƙauyensu, Tungar Ɗan Ila. Kin san Falalu, dogon nan mai tura baro a kasuwar Ogbete. Ya ce kwalekwalen 'yan kasuwa ya kife a kogi da yammacin Litinin, Firdausi matar Falalu tana ciki, an tsamo gawarta. Ya ce, "Malam, kai ne ubansa a can, ka san yadda za ka yi da shi." Na shirya in bar Falalu ya yi aikin safe ya ci abinci. Bayan azahar ni da liman mu zaunar da shi, mu ce jikin Firdausi ya yi tsanani ana nemansa a gida, mu sa shi a mota. Sauran ya ji a gaban mahaifiyarsa. Haka muka gada. Ba a ɗora wa baƙo mutuwa yana tsaye a ƙasar mutane.

Na zauna na yi karatuna. Majalisa ta sake ɗage zama, dala ta ƙara hawa, buhun albasa ya sauko. Da na zo shafi na biyar na ga labarin kwalekwalen, sai na tsallake na tafi ƙwallo. 'Yan wasan garin nan sun ci baƙinsu biyu da nema. Falalu ya dinga tsokanar mai shayi yana dariya har shayinsa ya zube.

Ƙarfe goma sha ɗaya, yana tsakiyar kasuwa da lodin doya, wani mai kayan miya ya kunna saƙon muryar nan da kike turawa kullum, wanda kike kira Labaran Yau. Kika jero sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha huɗu Firdausi Falalu. An ce sakin baron ya yi ya zauna a cikin taɓo.

Ya zo ya same ni. Ya ce, "Malam, ɗazu ka sani?" Na ce na sani. Ya ce, "Ka bar ni ina dariya." Ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha.

Zinariya, kin ɓata mini rai ƙwarai. Ni na koya miki karanta jarida, amma ban koya miki jefa mutuwa kan titi ba. Ki daina wannan aikin. In ba ki daina ba, kada ki kira ni, kada kuma ki zo Sallah.

Allah ya shirye ki. Ki gai da Faruk.

Mahaifinki,
Gimba

*

Mile 2, Diobu, Fatakwal
Talata, 13 ga Mayu

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Faruk da yara suna gaishe ka.

Na karanta takardarka sau uku. Na yi kuka saboda Falalu, wallahi ban san akwai mai mata a cikin masu saurare ba. Allah ya jiƙan Firdausi.

Amma Baba, ka yi mini uzuri in faɗi nawa. Mutum kusan dubu huɗu ke karɓar saƙon nan, daga mahautan Trans-Amadi a nan Fatakwal har masu wankin takalmi a Anaca. Ba na ganin fuskokinsu. Mafi yawa ba su da Malam Gimba a kusa. A ranar nan mutum biyu sun kira ni, sun ce ba don sunayen ba da sai bayan sadakar bakwai za su ji. Ɗayan ya samu mota a ranar.

Akwai kuma maganar da na riƙe shekara goma sha biyu ban taɓa yi maka ba. Tunda ka rufe mini ƙofa, bari in yi ta daga waje.

Ranar da motar su Umma ta yi hatsari a hanyar Lakwaja, ka sani tun da hantsi. Ina rubuta jarrabawar gama sakandare, saura mini takarda biyu. Kwana uku ka riƙe. Na tambaye ka me ya hana ka cin abinci, ka ce olsa ce. A kwana na biyu na wanke kayan Umma kaf, na zauna a tsakar gida ina yi musu guga ina waƙa, wai don ta dawo ta same su a shirye. Kana zaune a kan tabarma kana kallona. Matan gidan haya duk sun sani, har Mama Nkechi mai jarida ta sani. Na zo wucewa ta rungume ni ta ce da Iyamuranci, "Nwa m, ndo," wato sannu 'yata, ni kuma na yi dariya na ce ai jarrabawar ba ta yi zafi haka ba.

Na ci jarrabawar, na gode. Amma har yau ban iya tuna kwana ukun nan ba tare da kunya ta rufe ni ba. An sa uwata a ƙasa ina waƙa. Ka yi don tausayina, na sani, sai dai ba ka tambaye ni ko ina son irin wannan tausayin ba.

Shi ya sa da na fara Labaran Yau na yi wa kaina alkawari ba zan san abu in bar mai shi a duhu ba. Ba zan iya dainawa ba, Baba. In ka ce kada in zo Sallah, ba zan ƙetare maganarka ba, amma ka sani zai yi mini ciwo.

Ka yafe mini in na yi tsaurin ido.

'Yarka,
Zinariya

*

Anaca
Lahadi, 25 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Zinariya,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, ina Faruk sarkin shiru? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat.

To, na ji ke da babanki, Yaya Gimba, kun koma zamanin gidan waya. Lawal direba ya ce shi yanzu ya rasa ko albasa yake dako ko rigimarku. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kan Yaya dutse ne, naki kuwa har ya fi.

Abin da ya sa na ɗauki biro, Falalu yana nan Anaca. Ya dawo daga gida shekaranjiya, ya sauka a rumfar abincina. Ya rame kamar ba shi ba. Na zuba masa tuwo, ya ci loma uku ya wanke hannu. Na ce yaushe zai wuce Inugu? Ya ce ya gama da Inugu, a nan zai nemi dako. Na ce saboda Malam? Sai ya ce:

"Hajiya, Malam ubana ne, ban riƙe shi ba. Amma in na zauna a bencin nan zan riƙa jin dariyata. Lokacin da nake ihun ƙwallo, lokacin ake yi mata salla. Da na sani, ko Ƙulhuwallahu na karanta mata."

Kada ki yi saurin cewa kin yi nasara, don na tambaye shi ke fa. Bai san ke 'yar wana ce ba. Ya ce, "Ita mai labaran gaskiya ta faɗa. Sai dai tana gama sunayen ta ce, sai kuma farashin albasa. Ko numfashi ba ta ja ba. Matata tana tsakanin dala da albasa."

Na shiga goge tukunyar da na riga na goge.

Yaya kuwa tun daga ranar bai sake karatu a rumfa ba. Na je Inugu ranar Laraba na gani da idona. Yana fitowa ya sayi jaridunsa, Mama Nkechi ta ce, "Alhaji, you no go read for your people?" wai ba zai karanta wa mutanensa ba? Ya girgiza kai ya koma ɗaki. Mutanen suna zaune da shayinsu kowa ya duƙufa a kan waya. Takardarki tana cikin aljihun gaban rigarsa, ta yi laushi don buɗewa. Ni ma kuma ina da laifi a maganar Ummanki, don ni na ba shi shawarar a jira ki gama jarrabawa. Ki yafe mini.

Saura magana ɗaya. Yaya ya sa na rantse a kan wani abu, kuma ba zan yi kaffara da tsufana ba. Sai dai rantsuwar da na yi ta kada in faɗa ce, ban rantse cewa ba zan ce ki tambaya ba. Ki tambaye shi abin da ya kai ni Inugu ranar Laraba, da inda muka wuni. Kada ki ɗauki lokaci.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Halimatu Sadiya

*

Mile 2, Diobu, Fatakwal
Talata, 27 ga Mayu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina maka fatan alheri.

Gwaggo ta rubuto mini abin da Falalu ya ce a kaina. Na koma na saurari saƙon ranar, gaskiya ya faɗa. Tsakanin sunan ƙarshe da albasa ko daƙiƙa ɗaya babu. Na ji kunyar muryata.

Na canja tsari. Yanzu in akwai rasuwa, ba na haɗa ta da kasuwa da ƙwallo. Saƙonta daban, ina fara faɗin sunan gari, in ce wanda yake da 'yan'uwa a can ya nemi wuri ya zauna, ya kira wani kusa da shi, sannan in karanta a hankali in rufe da addu'a. Wannan daga wurinka na ɗauko. Amma sunayen ina karantawa, kuma a ranar. Iyakar abin da zan iya ke nan, ban sani ba ko zai ishe ka.

Yanzu ina da tambaya. Me ya kai Gwaggo Inugu ranar Laraba, kuma ina kuka wuni?

Na girma, Baba, ina da 'ya'ya uku. In wani abu ne, ina roƙonka don Allah kada ka aiko mini liman, kada ka ce mini wai jiki ne ya ɗan motsa. Ka faɗa mini da kanka, yadda yake. Tun da takardar Gwaggo ta zo hankalina bai kwanta ba.

Ina jiran amsa ta hannun Lawal.

'Yarka mai neman albarkarka,
Zinariya

*

Coal Camp, Inugu
Alhamis, 29 ga Mayu

Zinariya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku duka.

Wannan ce takarda ta uku. Biyun farko na yage su, don na kama kaina ina kewaye-kewaye.

Asibiti muka wuni. Ciwon daji ne, a hanta. Tun watan Maris na sani. Likita ya ce ya wuce aiki, abin da ya rage watanni ne, bai ce nawa ba. Na yi niyyar in bari sai bayan Sallah, don ki yi Sallarki da daɗi.

Abin da na yi miki a kan mahaifiyarki Zainabu kuskure ne. Na ɗauka ina kare ki, ashe haƙƙinki na riƙe. Ki yafe mini. Na aika wa Falalu ma neman afuwa ta bakin gwaggonki Sadiya.

Ban taɓa rubuta wa kowa irin wannan ba. Na yarda da ƙaddara, amma ina jin tsoro, kuma ina son ganinki.

Na janye maganata. Ki ci gaba da aikinki. Ki zo da yaran, kada ki jira Sallah.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifinki,
Gimba