Rasuwar Uwar Benci da Batun Zaman Kotu na Ranar Litinin

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Lauyoyi da Ɗaliban Shari'a 'Yan Ƙananan Ƙabilu, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Kwamitin Amintattu, da Kwamitin Zartarwa, da ɗaukacin membobinta na kotuna da na makarantu, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarta wadda ta kafa ta, Shugabarta ta farko, Babbar Lauya, wadda alƙalai da lauyoyi da masinjojin kotu suka fi sani da Uwar Benci. Allah ya yi mata rasuwa da safiyar Alhamis a asibiti bayan gajeriyar jinya, an kuma yi jana'izarta a ranar. Ta bar mijinta, malamin lissafi mai ritaya, da 'ya'ya da jikoki, da kuma tarin lauyoyi waɗanda ba ita ta haife su ba amma ba sa jin kunyar kiranta uwa a gaban jama'a.

Marigayiya ta fito ne daga wata ƙaramar ƙabila wadda ba a karanta labarai da harshenta a rediyo, ba a kuma koyar da shi a makaranta. Ita ce mace ta farko daga cikin mutanenta da ta shiga tsangayar koyon shari'a, ita ce kuma ta fi kowa maki a shekarar da ta kammala, abin da ya sa wani malaminta ya nemi a sake duba takardunta, aka duba, makin ya ƙaru. Ta yi aikin lauya shekaru sama da talatin, ta kai matsayin Babbar Lauya, ta koyar da dokar shaida a jami'a, ta kuma yi ta fama har sai da kotunan da take aiki a gabansu suka daina sauraron mutum da harshen da ba ya ji ba tare da tafinta ba. Sau biyu aka yi mata tayin kujerar alƙalanci, ta ce a gode mata, ita tana da wurin zama.

Wurin zaman da take nufi shi ne benci na farko a ɓangaren 'yan kallo, wanda ke bayan teburin lauyoyi daf da ƙarfen da ya raba su da jama'a. Asalin abin, kamar yadda ta sha ba wa sababbin membobi labari, shi ne ranar da ta fara tsayawa gaban alƙali. Ta isa kotu da baƙar rigarta a ninke a hannu, masinja ya ji ta gaisa da wata tsohuwa da harshen gida, sai ya tambaye ta ko ita ce tafinta ko kuwa 'yar uwar wanda ake tuhuma. Da aka kira shari'arta ta miƙe, ta waiwaya baya tana neman fuska ɗaya da ta sani. Lauyan ɗaya ɓangaren ya zo da kawunsa alƙali mai ritaya da abokan mahaifinsa, ita kuwa ba ta ga kowa ba. Takan ce: "Mu kotu ta daɗe da saninmu, amma a akwatin masu laifi ta san mu. Ranar nan na rantse ba ɗanmu da zai sake waiwayawa ya ga bango."

Daga nan ne al'adar da ake kira zaman benci ta samo asali, kuma a kanta aka gina wannan Ƙungiya tun kafin ta samu ofis ko hatimi. Duk memban da zai tsaya gaban alƙali a karon farko, wani babba daga cikinmu yakan tuɓe baƙar rigarsa, ya sa kayan gida, ya zauna a bencin nan tun kafin kotu ta zauna har ta tashi. Marigayiya ce ta tsara dokokin zaman, ta kuma tsare su da tsanani. Mutum ɗaya ne yake zama, domin taro yana iya zama matsin lamba ga alƙali. Mai zaman ba ya magana, ba ya gyaɗa kai, ba ya tsaki, ba ya miƙa takarda, ko da kuwa yana kallon sabon lauya yana haƙa wa kansa rami. Ba ya cewa komai a kan aikin sai washegari. Sannan uwa ko uba ko duk wani na jini ba ya zama wa nasa, domin a cewarta idon uwa yana sa gwiwa rawa.

Ko da yake dokar ta ce kowane babba yana iya zama, ita ce ta yi yawancin zaman da kanta, da jakarta a kan cinya da tabarau a ƙarshen hanci. Har ta kai alƙalai sun gane abin. An san wani Mai Shari'a wanda in ya shigo ya hango ta a can baya cikin kayan gida, yakan gyara zama ya ce: "To, yau kuma wa za mu yi wa haƙuri?"

Tun daga lokacin da labarin rasuwar ya bazu, ofishin Ƙungiya bai daina karɓar saƙonni daga waɗanda ta zauna wa ba, kuma Kwamitin Zartarwa ya ga dacewar a kawo kaɗan daga ciki. Wata Mai Shari'a ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce: "Ranar tawa na kira alƙali da sunan lauyan gwamnati, kotu ta ɗauki dariya. Na waiwaya, na tarar Mama tana kallona kamar ba abin da ya faru. Sai na ce a raina, to ai ba abin da ya faru, na ci gaba." Wani lauyan kamfanoni, wanda yau ofishinsa ya ci hawa guda na dogon bene, ya ce shekara biyu ya yi a jami'a yana ɓoye inda ya fito, in mahaifinsa ya kira shi a waya sai ya fita daga ɗaki ya amsa. Ya ce: "Ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba. Kullum dai in ta gan ni cikin abokaina, da harshenmu take gaishe ni, da ƙarfi kuma, har na gaji na fara amsawa." Wata ɗalibar shekarar ƙarshe, wadda ta ciyo wa tsangayarta kofin gasar shari'ar gwaji a bana, ta ce da ta kai mata kofin, marigayiya ta juya shi ta duba gindinsa, ta ce: "Ya yi kyau. Amma wannan alƙalin wasa ne, 'yata. Ki ajiye murnar sai ranar da mutum na gaske zai kwana a gidansa saboda ke."

Ba za mu ce marigayiya mai sauƙin sha'ani ba ce, domin da mun faɗi haka da ita ce za ta fara ƙaryata mu. Kiran washegari, wanda takan yi wa sabon lauya ta zaunar da shi ta ba shi shayi, sannan ta warware masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, ya sa manyan mutane da yawa zufa, kuma akwai cikinmu waɗanda har yau ba sa shan shayi da daɗin rai. Ba ta yarda da uzuri ba, musamman uzurin cewa an raina mutum saboda asalinsa. Takan ce an raina ka ɗin, ta ji, to ina hujjarka ta biyu? Amma ba a taɓa jin ta kushe ɗan Ƙungiya a gaban bare ba, ba a kuma taɓa jin ta makara zaman benci ba.

Ya zama wajibi wannan sanarwa ta taɓo wani batu da ke gabanmu, domin tambayoyi sun yi yawa a kansa. Autar marigayiya, wadda aka rantsar a matsayin lauya a farkon wannan shekara, za ta tsaya gaban alƙali a karon farko ranar Litinin mai zuwa. Za ta nemi belin wani dattijo, mai ɗinkin takalma, wanda ya shafe watanni a tsare yana jiran shari'a, wanda kuma ba ya jin wani harshe sai nasu, shi ya sa ya saki jiki da ita. Litinin ɗin ita ce ranar zama ta ƙarshe kafin kotu ta tafi dogon hutu. In aka ɗage sauraron buƙatar, dattijon zai ci gaba da zama a gidan yari har kotu ta dawo.

Kafin ciwo ya kwantar da ita, marigayiya ta zo gaban Kwamitin Zartarwa kamar kowane memba, ta nemi a zaɓa wa 'yarta wanda zai zauna mata. Kwamiti ya shaida mata cewa in akwai wanda ya cancanci a sassauta wa dokar jini, to ita ce, ta je ta zauna wa 'yarta. Ta ƙi. Ta ce: "Dokar da na yi wa 'ya'yan wasu ba zan karya ta a kan tawa ba. Ku zaɓa, kada ma ku faɗa mini ko wane ne. Ni a baranda zan tsaya, jikin tagar nan da ke kallon teburin lauyoyi, inda ba za ta gan ni ba." A kan haka aka rabu da ita, kuma Kwamiti bai sake ganinta a tsaye ba.

Bayan jana'iza, Mai Girma Shugaban Ƙungiya da Shugabar Kwamitin Amintattu sun je gidan rasuwa, suka tarar Auta ta ninke baƙar rigarta ta sa a ƙasan akwati. Suka yi mata tayin cewa ɗaya daga cikin Manyan Lauyoyinmu zai karɓi shari'ar ranar Litinin, ita ta zauna ta karɓi gaisuwa tare da 'yan uwanta, babu kuma mai ganin laifinta. Ta dubi Shugaban Ƙungiya ta ce: "Baba, ni ban ce a karɓar mini shari'a ba. Tsohon nan ni ya sani. Abin da ban sani ba shi ne, in na waiwaya wa zan gani." Da yammacin ranar ta aiko wa ofishin Ƙungiya cewa za ta tsaya.

Membobi da yawa, manya da ƙanana, sun nemi a ba su zaman bencin, wasu ma sun ba da shawarar a cika kotun baki ɗaya don girmama marigayiya. Kwamitin Zartarwa ya gode, amma bai amince ba, domin babu girmamawa a cikin karya dokar mutum tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Mutum ɗaya ne zai zauna. Kwamiti ya zaɓi Shehiyar Malama, Shugabar Tsangayar Shari'a, wadda ita ce mutum ta farko da marigayiya ta taɓa zauna wa, wadda kuma ta sha kaye warwas a shari'arta ta ranar. Da aka sanar da ita ta ce: "Zan zauna. Ku dai yi mini addu'a kada in gyaɗa kai." Ana roƙon Masu Shari'a na cikinmu, masu ci da masu ritaya, kada su kusanci harabar kotun a ranar, don kada a ce an zo yi wa alƙali kwarjini. Sauran membobi da ɗalibai da ke son zuwa su tsaya a baranda, cikin kayan gida, ba surutu, ba ɗaukar hoto, kuma duk yadda aka tashi kada kowa ya ce wa Auta komai a kan aikinta sai ranar Talata.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mijin marigayiya, da 'ya'yanta da jikokinta, da danginta na kusa da na nesa, da Masu Girma alƙalai da abokan aikinta, da mutanenta da suka yi rashin bakinsu a gaban shari'a. Muna roƙon Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta, ya sa aikin da ta yi wa bayinsa ya bi ta, ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da kyau.

A ƙarshe, ana sanar da masu zuwa baranda cewa wurin da ke jikin tagar da marigayiya ta ce za ta tsaya yana da mai shi. Mijinta, wanda tsawon zamansu bai taɓa taka harabar kotu ba saboda ta hana shi, ya shaida wa Kwamiti cewa shi zai tsaya a wurin. Da aka tuna masa dokar jini, ya ce shi ba lauya ba ne, amma ya yi shekaru yana jin dokar nan a gidansa, benci ta ambata, ba ta ambaci taga ba. Kwamiti ya duba dokar, ya tarar haka ne. Don haka ana roƙon jama'a su bar masa wurin, su kuma tanadar masa kujera ko da ya ce ba ya so.

Kotu za ta zauna da ƙarfe tara na safe. In Allah ya kai mu, ranar Litinin Auta za ta waiwaya ta ga mutum.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya,
wanda marigayiya take kira Gajere,
a madadin Mai Girma Shugaba da Kwamitin Zartarwa,
Ƙungiyar Lauyoyi da Ɗaliban Shari'a 'Yan Ƙananan Ƙabilu.