Baba Ya Koma Sahun Baya

Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kumasi? Mu a Bagudo sai godiya.

Gudawar Baba har yanzu ba ta tsaya ba. Na jiƙa sabara, na dafa bagaruwa, har sassaƙe aka karɓo daga Dahome. Na hana shi yaji da fura. Duk a banza. Mutane na murnar mulkin kai, mu muna jigilar buta.

Ran Juma'a, saboda karyewar alwala, Baba, mutumin da ya tsufa a sahun gaba a masallaci, ya ja buzunsa ya koma bakin ƙofa. Da ya dawo gida ya ce, "Hajo, dama mini furata. Me kuma nake tattali?"

Na dama masa, Yaya.

Ka gai da yara, ka taya mu addu'a. Ni dabarata ta ƙare.

Ƙanwarka,
Hajo