Ƙullin da ke Cikin Auta

Zuwa ga ƙanwata Mai Allura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da aka ce ya hana ki hawa bene, ko da yake a bakin wasu na ji, ba a bakinki ba. Mu nan sai godiya. Uwar yara tana nan da tarinta, ni ma ina nan da bayana. Rufin ɗakin da ke yoyo ya gyaru, kuma ni na hau na gyara, tunda mai gyaran da kuka ce za ku turo har yau yana hanya. Mai askin bakin layinmu ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Maganar 'yata Auta ce ta sa na aiko, kuma kada ki yi kamar yau kika fara ji. Na san kina kiranta a waya. Na san in na shiga gidanta sai ta rage murya, ta ce layi ya yanke. Mijinta direba ma kun gama magana da shi. Ni da na haife ta ni ne na ƙarshen sani, kuma ba gaya mini aka yi ba. Tarar da ita na yi a shagonta ta kifa kai a kan keken ɗinki, ta dafe gefen mara, gumi na zuba, yadin mutane a ƙasa. Sai ranar mijin ya buɗe baki, wai tun watannin baya likita ya ga wani ƙulli mai ruwa a jikin wurin da ƙwan haihuwa ke fitowa. Wai da farko an ce a jira, irinsa yakan baje da kansa. An jira, an sha magani, bai baje ba, yanzu ana maganar tiyata. Haka kuka yi mini lokacin aurenta, kuka gama komai sannan aka kawo mini maganar a dafe.

Na ce a nuna mini shaida. Aka miƙo mini wata 'yar takarda mai santsi, wai hoton cikinta ne, baƙi-baƙi da toka-toka, kamar an ɗauki hoton hayaƙi. Mijin ya ɗora yatsa a kan wani baƙin tabo ya ce shi ne wannan. Na juya takardar sama, na juya ta ƙasa. Babu fuska, babu hannu, babu abin da zai ce maka wannan 'yarka ce ba 'yar wani ba. Ni a bakin titi na ƙare ƙuruciyata ina gyaran keke, na ga masu gyaran da za su kalli lafiyayyen ƙarfe su girgiza kai su ce sai an canja. Na kuma leƙa ɗakin mai hoton: mata cike da benci, takardu jibge a tebur, fanka na kaɗa su. Wa ya tabbatar ba a musanya ba?

Don haka na yi abin da ban shawarci kowa ba. Na jira direban ya yi tafiya, na ce wa Auta ta raka ni a duba mini ido, na kai ta can ƙarshen gari, wani wurin hoton da ba wanda ya san mu. Da ta gane ta ɓata rai, amma ta shiga. Na ce kada ta faɗi abin da aka gaya mata a baya, ta ce ciwon ciki kawai. Matar da ke aikin ta bar ni na tsaya a bakin labule, inda nake hango fuskar na'urar. Ba ta daɗe tana goga mata kan na'urar a mara ba sai ga baƙin tabon, a daidai gefen da yarinyar ke dafewa. Ta tambaya ko an taɓa yin hoto. Auta ta zaro tsohon daga jaka, ashe yawo take da shi. Matar ta gwada su, ta ce ya ƙaru.

Da idona na gani, ba zan ɓoye miki ba. Amma a hanyar dawowa na yi tunani, masu sana'ar nan ai duk sun san juna, kuma na'urorin nasu a wuri ɗaya ake sayo su. Na faɗa wa Auta haka a cikin mota. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Can ta ce ita ba hoto ne ke tashinta daga kan keke ba, ciwo ne. Ta ce ta fi ni tsoron wuƙar, tunda ita ce ba ta haihu ba tukuna, ita kuma za a kwantar. Ta ce ba izinina take nema ba, so take in daina kallonta kamar wadda aka haɗa baki da ita don a cuce ta. Wannan salon maganar na san inda ta koyo shi, a bakinki ne.

Na je wurin likitan da kaina, da ita a gefena. Na tambaye shi in an bari fa. Ya ce yana iya zama yadda yake, yana kuma iya murɗewa wata rana a kawo ta a guje, lokacin da babu sauran zaɓi. Na ce in an yi fa, me za a taɓa. Ya ce niyyarsa ƙullin kaɗai, amma ba zai rantse mini ba sai ya ga yadda ya manne; in ta kama a cire wurin ƙwan na wannan gefen, na ɗaya gefen yana nan yana aiki. Wannan amma ɗin ita ce ta tsaya mini a wuya. Na kuma lura duk tambayar da na yi sai ya juya ya ba Auta amsa, kamar ni kujera ce. Na ce to sharaɗina ɗaya, duk abin da aka ciro a nuna mini kafin a kai shi ko'ina. Ya ce gwaji ake aika shi, amma in mai jikin ta yarda zai nuna mini a kwalba. Ta yarda.

Ta sa hannu, an ba ta rana a farkon wata mai kamawa. Ni ban ce na amince ba, ban kuma hana ba. Abin da nake so da ke shi ne ki ajiye wayar nan ki taho. Ke kika ƙare aikinki a asibiti, kin san yarensu, kin san fuskarsu in suna ɓoye abu. An ce ni iyakata benci a waje, ɗakin mata ma ba za a bar ni in zauna ba. Kwalbar kuwa zan riƙe ta da hannuna, amma na zauna na yi tunani, ban san kamannin ƙulli ba, ban san kamannin wurin ƙwai ba. In aka nuna mini ɗaya aka ce ɗayan ne, kai kawai zan gyaɗa. Ke za ki gane. Ban saba roƙonki ba, kin sani. Ki zo ki duba mini.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa ina nan ban mutu ba. Ki gaishe da babbar 'yarki malama da mijinta, da ɗanki mai gyaran wuta, da takwarana ƙarami. Uwar yara tana gaishe ki, ta ce ta share miki ɗaki. Auta ba ta san na aiko ba. Allah ya kawo ki lafiya, ya tashe ta lafiya.

Ni ne yayanki,
Tsohon mai gyaran keke