Yau Inna Ta Ambaci Sunana

Maska, daren Laraba, cikin watan Sha'aban

Na gaji, amma sai na rubuta wannan kafin man fitila ya ƙare.

Da hantsi Inna ta sake ɗaukar ƙwaryar fura, wai za ta kai wa Baba gona. Damina shida ke nan da rasuwarsa, amma ruɗewar tsufa ta shafe mata wannan. Ranar da ƙanwata Hajo ta gaya mata gaskiya, kwana biyu ta yi tana kuka, har ta tsefe kai za ta shiga takaba. Tun daga nan na hana kowa tuna mata. Yanzu matata Ladi ke dama furar ta biyo ta a baya, ni kuma in riga su zuwa gindin ɗorawa a gonar in karɓa, don kullum ni take ɗauka Baba.

Yau ba ta ɗauke ni Baba ba, ta zaci baƙo ne. Ta daɗe tana kallon audugar da na shuka a gonar, sannan ta ce, "Bawan Allah, ka ga aikin nan? Ɗana Habu ne ya yi shi. Duk garin nan babu mai haƙurinsa. Amma kada ka gaya masa."

Ni ne ɗan farinta. Saboda alkunya, har na yi furfura ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini.

Na ce, "Ba zai ji ba, Iya." Ladi ta juya baya tana share ido da bakin zane. Furar ta yi tsami, amma na shanye ta tas.

Allah Ya yafe mini, so nake gobe ma ta ɗauke ni baƙo.