Tsohon Ya Dawo

Tembuku, 4 ga Maris

Zuwa ga ɗana Made Suarka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Luh Sari da yara. Ya gonar koko? An ce bana ruwa ya yi muku yawa a Parigi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Matar ƙanenka Ketut ta sauka, an sami namiji, yau kwana ashirin. Da ya kwana goma sha biyu muka ɗauki hadaya muka tafi wurin mai duban nan ta ƙauyen Kayubihi, a ji wane ne cikin magabata ya dawo. Ka san rai ba ya mutuwa, jiki yake sakewa, namu kuma ba sa nisa da gida. Hayaƙin turare bai gama tashi ba mai duban ta canja murya, ta hau faɗa wai an bar katangar ɗakin ibada ta tsage. Ketut ya dube ni, na dube shi. Wa muke da shi mai wannan mita in ba babanku ba?

To, tsohon ya dawo. Shekara arba'in ina dafa masa, hutuna bai kai shekara uku ba, ga shi yanzu har wanka ni ke yi masa. Halin ma yana nan. Nono ya ɗan yi jinkiri, sai duk unguwa ta ji.

Ban manta abin da ya shiga tsakaninku ba. Ka ƙi karɓar hidimar ɗakin ibadar gidanmu, ka ce tsibirin Sulawesi za ka tafi noma, shi kuma ya ce ko gawarsa kada ka ɗauka. Ka bi maganarsa. Aka ƙone shi, aka kai tokarsa teku, ba ka nan. Taurin kanku ɗaya, kai da shi.

Ga saƙonsa. Ranar 28 ga Mayu jaririn zai cika kwana ɗari da biyar, ranar da a al'adarmu ƙafarsa za ta fara taɓa ƙasa. Ya ce kai yake so ka riƙe shi ka sauke shi.

Ka gaishe mini da jikokina. Ubangiji Sang Hyang Widhi ya tsare ku.

Mahaifiyarka,
Nengah Rumpi

Tembuku, 9 ga Afrilu

Ɗana Made,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Ya tarin Luh Sari? A dafa mata citta.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ka ce da ka ga saƙon ka shiga cikin gonar koko ka zauna har rana ta take, kuma tunda Bapa, babanka, da kansa ya nema, za ka zo. Na yi murna, Made. Amma tun ranar, in na zauna saƙa kwandunan furen hadayar safe, sai ganyen ya yi ta kuɓuce mini. Ba na iya kai su gaban magabata da wankakkiyar zuciya.

Ƙarya na yi maka. Babanka ne ya dawo, wannan gaskiya ne, Ketut shaida. Amma farin ƙyalle da baƙin kofi kawai ya nema, sai gyaran katanga. Na zauna a gaban mai duban nan ina jira ya ambace ka, har muryar ta tafi. Bai ambace ka ba. Sauran ni na ƙara.

Da na gaya wa Ketut, cewa ya yi, “Meme, ki yi shiru har ya zo mana.” Na kusa yarda. To amma kowane aiki da sakamakonsa, nan ko a dawowa ta gaba, ni kuma ba na so ka ƙetare teku a kan maganar da ba a yi ba.

Don haka ba babanka ke kiranka ba. Ni ce. Shekara goma sha ɗaya rabona da fuskarka, ina kewarka, kuma na gaji da ɓoyewa. Shekaruna saba'in da huɗu. Na san in na tafi zan dawo gidan nan, za ka iya zuwa ka ɗauke ni ka yi mini wasa, amma lokacin ba zan san kai ne ba. Ka zo tun ina iya gane ka.

Ranar tana nan, 28 ga Mayu. In ba ka zo ba Ketut zai riƙe shi, ba wanda zai zarge ka.

Ka yafe mini. A gaida yara.

Mahaifiyarka mai jiranka,
Nengah Rumpi